Daga Piyano Zuwa Mota: Yadda Mai Sayen Bashi Ya Samu 'Yancin Mayar da Makulli

A ƙarshen shekarar 1892 wani mutum mai suna Brewster ya ɗauki piyano daga shagon wani ɗan kasuwa, Helby, a Ingila, ba tare da ya biya kuɗinsa ba. Takardar da ya sa wa hannu ta ce haya ya ɗauka. Zai riƙa biyan sule 10 da sisi duk wata, in ya cika wata 36 yana biya, wato fam 18 da sule 18 ke nan, piyano ya zama nasa halak malak. A cikin takardar akwai wani sharaɗi da ya yi kama da alheri: duk ranar da ya ga dama yana iya mayar da kayan, ya biya abin da ya taru a kansa zuwa ranar, a rabu lafiya.

Brewster bai cika biya ba, bai kuma mayar ba. Bayan 'yan watanni sai ya kai piyanon wurin wani mai karɓar jingina, Matthews, ya karɓi kuɗi. Helby ya ce a ba shi kayansa. Matthews ya ce shi da zuciya ɗaya ya karɓa, kuma doka tana bayansa, domin Dokar Dillalai ta 1889 ta ce wanda ya amince zai sayi kaya aka kuma damƙa masa su, in ya sayar ko ya jinginar ga wanda bai san komai ba, cinikin ya zauna. Shekara biyu kafin a yanke wannan shari'a, a 1893, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yi hukunci a kan haka a shari'ar Lee da Butler, inda mai kayan ɗaki ya yi asarar kayansa saboda takardarsa ta wajabta wa mai haya ya biya kuɗin duka.

A 1895 magana ta kai gaban alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙarshe. Suka ce Brewster bai taɓa alkawarin saye ba, tunda yana da damar mayarwa. Wanda bai yi alkawarin saye ba kuwa ɗan haya ne, ɗan haya kuma ba ya jinginar da kayan mutane. Helby ya ci shari'a.

Daga ranar duk wani lauyan ɗan kasuwa ya gane darasin. In kana so kayanka su ci gaba da zama naka har sai an biya kwabon ƙarshe, to ka rubuta cewa mai karɓa yana iya mayarwa. Damar mayar da kaya, wadda yau masu motocin bashi a Birtaniya ke taƙama da ita, an fara rubuta ta ne don kare mai sayarwa. Sai da aka shafe gomman shekaru ana fafatawa a majalisa da kotuna kafin ta zama kariya ga mai saye, kuma har gobe ba a gama jan igiyar ba.

Shi wannan ciniki na hayar da ke ƙarewa da mallaka ya girmi mota. A Amurka, Edward Clark, abokin kasuwancin Singer, ya ɓullo da sayar da keken ɗinki a biya kaɗan-kaɗan a 1856, saboda teloli da matan gida ba su da kuɗin keke a dunƙule. A Ingila kuwa harkar kwal ce ta rene shi. Masu haƙar kwal suna buƙatar taragon jirgin ƙasa don kai kayansu kasuwa, sai aka kafa kamfanoni irin su North Central Wagon a garin Rotherham a 1861, suna sayen tarago suna ba su haya har su mallaka. Waɗannan kamfanonin tarago su ne daga baya suka juya ga motoci, da ƙafafunsu da takardunsu da dabarunsu.

Da mota ta zama abin da ma'aikaci zai iya mafarkin mallaka, bashi ya bi ta. Kamfanin General Motors ya kafa reshensa na ba da lamuni, GMAC, a 1919. Henry Ford ya ƙi jinin bashi, har a 1923 ya fito da wani tsari na tara kuɗi mako-mako a hannun dila, sai an cika a ba mutum mota. Mutane suka gwammace su hau yau su biya gobe, suka koma wurin abokan hamayyarsa, dole a 1928 Ford ya kafa nasa kamfanin lamunin. A Birtaniya tsarin ya ɗauki wata siga da ta zauna har yau: dila yana sayar da motar ga kamfanin bashi, kamfanin ya ba mai saye haya. Mutumin da ya yi ciniki da kai, ya buɗe maka gaban mota, ya rantse maka injin lafiya lau, ya fice daga cikin yarjejeniyar tun kafin ka kai gida. Wanda ya rage maka shi ne wani ofishi da ba ka taɓa gani ba.

Tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu cinikin ya bazu cikin unguwannin ma'aikata: gado, kujeru, rediyo, keke, injin share ɗaki. Tare da shi wata mummunar ɗabi'a ta bazu. Tunda a idon doka kayan na kamfani ne har a biya kason ƙarshe, magidancin da ya biya wata 20 ya kasa na 21 saboda an sallame shi daga aiki, ana iya aiko ƙarti su kwashe kayan, kuɗin da ya zuba duka sun tafi a matsayin haya. Wasu 'yan kasuwa da gangan suke jiran irin wannan rana, su karɓe kaya su goge su sake bai wa wani. Ita kuma damar mayarwa sai aka ɗaura mata dutse. Aka riƙa rubuta cewa in ka mayar, sai ka cika kuɗin da ka biya su kai kashi biyu cikin uku, ko uku cikin huɗu na farashin, wai diyyar tsufan kaya.

Wadda ta fara sare wannan ɗabi'a mace ce 'yar ƙaramar halitta mai jan gashi, Ellen Wilkinson, 'yar majalisa ta jam'iyyar Leba mai wakiltar Jarrow. Garin nata ya durƙushe bayan rufe masana'antar ƙera jiragen ruwa ta Palmer, kuma ita ce ta raka mazaje 200 da suka taka a ƙafa zuwa Landan a Oktoban 1936 suna neman aiki. Ta san gidajen da ake kwashe wa gado. Da ta samu damar gabatar da ƙudurin kanta a majalisa, sai ta zaɓi wannan batu, ta zauna da 'yan kasuwar da kansu ana ja ana saki, har aka samu Dokar Hayar Mallaka ta 1938.

Ginshiƙai biyu da ta kafa su ne har yanzu ke riƙe da rufin. Na farko, in mai haya ya biya kashi ɗaya cikin uku, ba a ƙwace kaya sai da izinin kotu. Na biyu, yana iya kawo ƙarshen yarjejeniya da kansa, kuma ba za a nemi fiye da rabin farashin daga gare shi ba, sai fa bashin watannin da ya riga ya wuce da diyyar ɓarna in bai kula da kayan ba.

Amma masu motoci sun tsira da nasu. Dokar ta shafi kayan da ba su wuce fam 100 ba, dabbobi fam 500, motoci kuwa fam 50 kacal. A lokacin mota mafi araha sabuwa, ƙaramar Ford da aka karya farashinta a 1935, fam 100 ce. Ke nan sai tsohuwar akwala ko babur ne ke shiga inuwar dokar. A 1954 aka ɗaga iyakar zuwa fam 300, alhali farashin motoci ya riga ya yi gaba. Duk wanda motarsa ta haura haka, tsakaninsa da kamfani sai abin da takarda ta ce, takardar kuwa lauyan kamfani ne ya rubuta ta.

Shari'u biyu na wancan zamani sun nuna yadda abin yake a ƙasa. Wani mai suna Wallis ya duba wata Buick ta hannu, ya same ta garau, ya amince zai ɗauka ta hanyar kamfanin bashi. Bayan kusan wata guda aka kawo ta da dare aka ajiye masa a ƙofar garejinsa. Da gari ya waye ya ga alamar janyo ta aka yi da igiya. An cire sababbin tayoyin an sa tsofaffi, an ɓalle adon ƙarfen jikinta, an kwance kan injin, bawul-bawul sun ƙone, fistin biyu sun karye. Mota ba ta ko motsi. Wallis ya ce ba zai karɓa ba, aka maka shi kotu a kan kuɗin wata-wata, aka nuna masa layin da ke cewa kamfani bai ɗauki alhakin lafiyar motar ko dacewarta da hanya ba. A 1956 Kotun Ɗaukaka Ƙara, da Alƙali Denning a ciki, ta ce abin da ba ya tafiya ba shi ne motar da aka yi ciniki a kai ba, kuma babu wani layi a takarda da zai wanke wanda ya kasa kawo ainihin abin da aka saya.

Ta biyun ta fi taɓa zuciya, don babu zamba a cikinta, talauci ne kawai. A 1959 wani mai suna Bridge ya ɗauki Bedford Dormobile ta hannu a kan fam 482 da sule 10. Ya ba da fam 105 na kafin alƙalami, ya biya kason wata ɗaya na fam 10 da ɗoriya, sai al'amura suka cakuɗe masa. Ya rubuta wa kamfanin Campbell Discount wasiƙa cikin ladabi, ya ba da haƙuri, ya ce ba zai iya ci gaba ba, ya mayar da mota. Kamfani ya karɓi motarsa, sannan ya aiko masa da takardar neman ƙarin fam 206, domin a cika kashi biyu cikin uku. Farashin ya haura fam 300, saboda haka dokar Wilkinson ba ta rufe shi ba.

Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ya biya, ai shi ya zaɓi mayarwa, kuma ga farashin zaɓin a rubuce. A 1962 alƙalan Majalisar Dattawa suka cece shi, amma ta wata ɓarauniyar hanya. Suka ce wasiƙarsa ba amfani da damar mayarwa ba ce, saɓa alkawari ne, kuma doka ta hana ɗora wa mai saɓa alkawari tarar da ta wuce asarar gaskiya. Sun kuma lura da wani abu da ya tona asirin sharaɗin: kuɗin da ake kira diyyar tsufa sun fi yawa a watan farko, lokacin da mota ba ta tsufa ba, suna raguwa yayin da take tsufa. Denning ya fito fili ya nuna rashin kan gadon lamarin, cewa doka na tausaya wa wanda ya karya alkawari, tana hukunta wanda ya bi ƙa'ida ya mayar da kaya ta ƙofar da aka buɗe masa. Gaskiya ya faɗa, kuma kotu ba ta iya gyara wannan ba, sai majalisa.

Gyaran ya zo a 1964, bayan rahoton kwamitin Molony na 1962 kan kare masu saye. Aka ɗaga iyaka zuwa fam 2,000, wanda ya shigo da yawancin motocin gida. Aka ba wanda ɗan talla ya ritsa a gida ya sa hannu 'yan kwanaki na sake tunani. Aka kuma warware wa masu motoci tsohon ƙullin Helby: mutumin da ya sayi mota don amfanin kansa da zuciya ɗaya, bai san akwai bashi a kanta ba, motar ta zama tasa, kamfani ya je ya nemi wanda ya ci amanarsa. Wannan sashe yana aiki har yau, ko da yake bai kare dila ba, shi ya sa dilolin ke bincika rajistar motocin bashi ta HPI, wadda kamfanonin lamuni suka kafa tun 1938.

Sai babbar doka. Kwamitin Crowther ya ba da rahoto a 1971 cewa dokokin bashi sun zama tarkace, kowane irin bashi da tasa dokar. Daga nan aka samu Dokar Bashin Masu Saye ta 1974, wadda girmanta ya sa sai a Mayun 1985 ta gama fara aiki. Sashe na 99 da na 100 su ne gadon Wilkinson. A ce jimillar abin da mutum zai biya, da kuɗin mota da kuɗin ruwa da sauran caji, fam 20,000 ne. In ya biya 10,000 yana iya rubuta wasiƙa, ya miƙa makulli, ba a bin sa komai muddin babu kason da ya maƙale kuma ya kula da motar. In 7,000 ya biya, sai ya cika 3,000. In ya riga ya wuce rabi, ba a mayar masa da rarar. Sashe na 90 ya riƙe ƙa'idar kashi ɗaya cikin uku, na 91 kuma ya sa mata haƙora: kamfanin da ya ƙwace irin wannan mota ba da izinin kotu ko yardar mai ita ba, yarjejeniya ta mutu, kuma zai dawo da duk abin da aka taɓa biyansa. Iyakar kuɗin da ta daɗe tana barin masu manyan motoci a waje ta tashi daga fam 5,000 zuwa 15,000, zuwa 25,000, har aka cire ta gaba ɗaya a 2008.

Kamfanonin bashi ba su taɓa son wannan dama ba, sun sha roƙon gwamnati ta soke ta, suna cewa asara take ja musu in darajar motoci ta faɗi. Hujjar tasu tana da ƙamshin gaskiya, amma su ne ke da ma'aikatan lissafi da ke iya hango faɗuwar daraja su saka ta cikin farashi. Direban da aka kora daga aiki ba shi da kowa.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne kwana 14 ɗin farko. Tun Fabrairun 2011, sakamakon wata dokar Tarayyar Turai ta 2008, wanda ya sa hannu a yarjejeniyar bashi yana da kwana 14 ya janye ba tare da ya faɗi dalili ba. Da yawa suna ɗauka wannan na nufin su mayar da mota su karɓi kuɗinsu. Abin da aka janye daga gare shi bashin ne kawai. Cinikin motar yana nan daram, kuma mutum yana da kwana 30 ya biya kamfanin kuɗinsa tare da ruwan kwanakin da suka wuce. Damar tana da amfani ga wanda ya samu bashi mai sauƙi a wani banki, ko ɗan'uwa ya ranta masa. Wanda ya kwana ya tashi ya ji motar ta fita ransa, ba ta yi masa maganin komai ba, sai in ta intanet ko ta waya ya yi cinikin bai taka shagon ba, wanda nan wata dokar ta 2013 ce ke ba shi kwana 14 na fasa sayen. A Amurka ma haka ruɗanin yake. Ƙa'idar kwana uku ta sake tunani da hukumar kasuwancin ƙasar ta kafa ba ta shafi motar da aka saya a shagon dila ba.

Mota mai aibi kuma babinta daban, kuma wanda ya karanta babin ciniki a fiƙihu ba zai ga baƙon abu a nan ba, don mayar da kaya saboda ɓoyayyen aibi tsohuwar ƙa'ida ce. Dokar 'Yancin Masu Saye ta 2015, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba na shekarar, ta ba da kwana 30 na mayar da mota mai matsala a karɓi kuɗi. Bayan haka ana ba mai sayarwa dama ɗaya ya gyara, in gyaran bai yi ba a mayar, kuma cikin wata shida na farko ana ɗauka da aibin aka sayar da ita sai in shi ya tabbatar da akasin haka. A hayar mallaka, wanda ake kama wa wuya shi ne kamfanin bashi, tunda a takarda shi ne mai motar. Yana da mako takwas ya amsa ƙorafi, in bai gamsar ba mutum ya wuce ofishin sasanta rigingimun harkar kuɗi, wanda ba ya karɓar ko kwabo daga mai ƙara.

Kasuwa dai ba ta zauna ta naɗe hannu ba. A farkon shekarun 1990 Ford ta shigo da wani sabon salo Birtaniya, wanda ake kira PCP, kuma yau shi ne hanyar da mafi yawan sababbin motocin gida ke fita daga shago. Kason wata yana da sauƙi, saboda an tura babban dunƙule zuwa ƙarshe, wanda in mutum ya biya mota ta zama tasa, in bai biya ba ya mayar ko ya yi musaya. A doka wannan ma hayar mallaka ce, damar rabin nan tana aiki. Sai dai dunƙulen ƙarshe yana cikin jimillar da ake rabawa biyu. A ce jimilla fam 24,000 ce: 2,000 kafin alƙalami, 250 duk wata na wata 48, sai 10,000 a ƙarshe. Rabi 12,000 ne, kuma mai motar ba zai kai shi ba sai a wata na 40, saura wata takwas a gama. Ba a taɓa harafi ɗaya na dokar ba, amma an matsar da ƙofar fita can kusa da ƙarshen hanya. Wanda ya ɗauki haya zalla wadda ba ta kaiwa ga mallaka, ko ya ci bashin banki ya sayi mota da kuɗi hannu, shi ba shi da wannan ƙofar sam.

Rigima mafi girma ta baya-bayan nan ta taso ne daga la'ada. Shekara da shekaru kamfanonin bashi suna barin dila ya tsayar da kuɗin ruwa da kansa, kuma duk yadda ya ɗaga shi haka la'adarsa ke ƙaruwa, mai saye bai sani ba. Hukumar FCA mai sa ido kan harkar kuɗi, wadda ta karɓi kula da bashin masu saye a 2014, ta haramta wannan tsari daga 28 ga Janairun 2021. Sai waɗanda aka riga aka yi wa suka nufi kotu. Ɗaya daga cikinsu, Marcus Johnson, ma'aikacin masana'anta daga yankin Wales, ya sayi Suzuki Swift ta hannu a 2017. Dila ya karɓi la'adar fam 1,650 daga bankin FirstRand, wato kashi 55 cikin 100 na duk kuɗin ruwa da cajin da aka ɗora masa, kuma ba a gaya masa cewa dilan yana da yarjejeniyar fara kai wa wannan banki kowane mai saye ba. A Oktoban 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba shi gaskiya tare da wasu masu ƙara, hukuncin da ya girgiza bankuna. Ranar 1 ga Agustan 2025 Kotun Ƙoli ta rage kaifin hukuncin, ta ce dila ɗan kasuwa ne mai neman ribarsa, ba wakilin amanar mai saye ba. Amma ta ce a shari'ar Johnson mu'amalar ba ta adalci ba ce a ƙarƙashin dokar 1974, ta umarci a mayar masa da la'adar da ruwanta. A Oktoban 2025 FCA ta fitar da daftarin biyan diyya da ta ƙiyasta zai shafi yarjejeniyoyi kusan miliyan 14 da aka ƙulla daga 2007 zuwa 2024.

Wannan tarihi ya taɓo Nijeriya kai tsaye, domin dokar Ingila ce aka gada, da aibinta. A shari'ar Atere da Amao ta 1957 a Jihar Yamma, mutum ya biya fam 995 cikin fam 1,000 na mota, ya maƙale a fam 5, mai mota ya ƙwace, kotu ta ce yana da iko. Irin wannan ne ya haifar da Dokar Hayar Mallaka ta 1965, wadda aka gina a kan ta Wilkinson, har ta fi ta a wuri ɗaya: ta shafi kowace mota komai tsadarta. Ta wajabta a rubuta yarjejeniya, a bayyana farashin kuɗi hannu da farashin biya sannu-sannu, a ba mai haya kwafinsa. Ta ba shi damar kawo ƙarshen ciniki da rubutacciyar sanarwa bisa ƙa'idar rabi. Ta kuma ce in ya biya kashi uku cikin biyar na kuɗin mota, ba a raba shi da ita sai ta hanyar kotu, illa dai in kaso uku sun taru a kansa mai motar yana iya ɗauke ta ya adana kafin a yi shari'a.

Dokar tana nan a kundin dokokin tarayya, amma an bar ta ta tsufa. Iyakar da ta sa wa sauran kaya waɗanda ba mota ba har yanzu naira 2,000 ce, kuɗin da ba sa sayen ko tayar keke. A Kano, musamman bayan hana acaɓa a Janairun 2013, dubban matasa sun shiga tuƙin A Daidaita Sahu ta wannan hanya, suna kai balas kullum ko duk mako da fatan mashin ya zama nasu. Yarjejeniyar sau da yawa takarda ce guda a gaban mai tsaya wa mutum, wani lokacin ma da baka, kuma abin da kowa ya sani shi ne in ka yi fashin biya a karɓe. Mai ba da mashin yana da haƙƙinsa, ya zuba dukiyarsa, kuma akwai direbobin da ke cin amana. Amma matashin da ya biya kashi huɗu cikin biyar, rashin lafiya ta kwantar da shi mako biyu, doka ba ta yarda a raba shi da mashin baki ɗaya ba sai ta hanyar kotu.

Ya kamata Majalisar Tarayya ta sabunta dokar 1965, hukumar kare masu saye ta FCCPC da ƙungiyoyin direbobi kuma su fassara sassanta zuwa Hausa su liƙa a tashoshi. Kafin nan, duk mai shirin ɗaukar mota ko mashin a biya sannu-sannu ya nemi a rubuta masa jimillar kuɗin da ranar gamawa, ya karɓi kwafin takardar, ya riƙa karɓar rasit a kan kowane biya, ya kuma lissafa tun ranar farko nawa ne rabi, nawa ne kashi uku cikin biyar.